Makonni Shida a Hannun Masu Bibiyar Jinya: Bitar Shirin Kula da Majinyaci a Gida Bayan Tiyatar Zuciya

Ranar da aka sallami mahaifina daga asibiti, kwana tara bayan an buɗe ƙirjinsa an yi wa jijiyoyin zuciyarsa uku da suka toshe hanyoyin ratse, likitan da ya yi aikin ya ja ni gefe ya gaya mini wata magana da ban gane nauyinta ba sai daga baya. Ya ce zuciyar ba ita ce damuwarsa ba yanzu, domin ta samu jinin da take nema. Abin da yake gudu shi ne ƙwayar cutar da a da jikin Baba zai murƙushe ta ba tare da kowa ya sani ba, amma a makonnin da ke tafe za ta iya tarar da ƙofa a buɗe kuma mai gadi ya galabaita. A kan wannan ne ya ba mu shawarar shiga shirin bibiyar majinyaci a gida, wanda wani sashe na asibitin ke gudanarwa, kuma shi ne abin da nake son yin bitarsa a nan.

Tsarin shirin ba shi da sarƙaƙiya. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa gida sau uku a mako a makonni biyun farko, daga nan a rage zuwa sau biyu, sannan sau ɗaya har a cika mako shida. Mai koyar da motsa jiki yana zuwa sau ɗaya a mako. Ana ɗibar jini a gida a kai ɗakin gwaji, an ba mu lambar wayar da aka ce ana ɗauka dare da rana, sannan aka haɗa mu da ɗan littafin bayani da ma'aunin zafin jiki da na'urar jan numfashi. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa da za a maimaita, da na sake shiga ba tare da wani jinkiri ba, kuma duk wanda majinyacinsa ya manyanta ko yake da ciwon suga zan ce masa ya shiga. Sai dai akwai wuraren da shirin ya gaza, ɗaya daga cikinsu ma ba ƙarami ba ne, kuma zan zo kansu.

Abin da ya fara burge ni shi ne zaman farko, wanda ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki kusan awa biyu tana yi, alhali canjin bandeji bai ci mata minti ashirin ba. Sauran lokacin ta ƙarar da shi ne wajen bayyana mana dalilin da ya sa garkuwar jiki ke rauni bayan irin wannan aiki, kuma ta yi hakan da harshen da Baba da kansa ya bi ta har ƙarshe. A yawancin tiyatar zuciya ana tsayar da zuciyar, a karkatar da jinin majinyaci zuwa wata na'ura da ke karɓar aikin zuciya da huhu na tsawon awa ɗaya ko biyu ko fiye. John Gibbon ne ya fara amfani da ita cikin nasara a kan ɗan Adam a birnin Filadelfiya na Amurka a 1953, kuma duk da gyare-gyaren da aka yi mata tun daga lokacin, matsala ɗaya ba ta kau ba: jini bai saba taɓa komai ba sai bangon jijiya, saboda haka da zarar ya ratsa bututun roba sai jiki ya ɗauka an kawo masa hari ta ko'ina. Fararen ƙwayoyin jini su tashi gaba ɗaya, sinadaran kumburi su cika jiki, a yi ta faɗa da abokin gaban da babu shi. Da yake irin wannan tashin hankali zai iya lalata huhu da ƙoda idan aka bar shi, sai jikin ya juya ya danne kansa da kansa, kuma sau da yawa dannewar takan wuce gona da iri. A nan ne yawan fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait ke faɗuwa, wasu irinsu da ake kira monosait kuma su rage iya nuna wa sauran dakarun jiki kamannin maƙiyi.

Ba na'urar kaɗai ke jawo wannan ba. Wahalar aikin kanta tana sa jiki ya zubo da sinadarin kotisol mai yawa, wanda ke danne garkuwa. Ana kuma yawan sanyaya jikin majinyaci da 'yan digiri a lokacin aikin, fararen ƙwayoyin jini kuwa ba su cika kuzari cikin sanyi ba. Sannan ga ƙarin jini, wanda Baba ya karɓi leda biyu. Na sha mamaki da na ji cewa jinin da aka ƙara wa mutum don ceton ransa yana iya sassauta garkuwarsa, amma abin sananne ne tun 1973, lokacin da Gerhard Opelz da abokan aikinsa suka lura cewa masu dashen ƙoda da aka taɓa yi wa ƙarin jini sun fi daɗewa jikinsu bai ƙi ƙodar ba. Abin da ya zama alheri ga mai dashe shi ne ya zama abin lura ga mai sabon miki a ƙirji. Ma'aikaciyar ba ta tsorata mu fiye da kima ba, domin ta faɗa a fili cewa ga mafi yawan mutane alƙaluman gwajin jini kan daidaita cikin kwanaki ko 'yan makonni. Abin da ke daɗewa, in ji ta, shi ne ƙofofin: ƙashin ƙirjin da aka raba biyu aka ɗaure da waya, wanda ke buƙatar aƙalla mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, da dogon yankan ƙafa inda aka zaro jijiya, da huhun da ciwo ke hana shi buɗewa sosai.

Kula da miki shi ne wurin da shirin ya fi nuna ƙwarewa, kuma a nan ne ya biya mu bukata. Kowace ziyara tana farawa da wanke hannu a gaban idonmu, ba a bayan ƙofa ba, kuma ba a taɓa buɗe bandeji ba sai an share teburin da za a ɗora kaya. Ma'aikaciyar takan ɗauki hoton ɗinkin daga nisa ɗaya da haske iri ɗaya, ta ajiye ma'aunin santimita a gefensa, don a iya gwada na yau da na shekaranjiya ba tare da dogara ga tunanin kowa ba. Takan ɗora tafin hannunta a kan ƙirjinsa ta ce, “Baba, a ɗan yi mini tari,” tana sauraron ko ƙashin zai motsa ko ya yi ƙara. Da na tambaye ta abin da take nema, sai ta ce ruɓar da ke kai wa ga ƙashi da abin da ke bayansa ba ta da yawa, ba ta cika kama fiye da 'yan ƙalilan cikin kowane ɗari ba, amma idan ta kama takan mayar da mutum ɗakin tiyata, wani lokaci ma ta yi kisa. Ta ƙara da cewa masu ciwon suga da masu ƙiba da masu shan taba su ne a sahun gaba, haka nan wanda aka ciro masa jijiyoyin bangon ƙirji na ɓangarori biyu, domin waɗannan jijiyoyi su ne ke ciyar da ƙashin da jini.

A rana ta goma sha shida bayan aikin ne wannan naci ya yi rana. Baba ya tashi lafiya lau, ya ci abinci, zafin jikinsa bai kai 37 ba, mu kuma ba mu ga wani abin damuwa ba. Ma'aikaciyar ta buɗe bandeji, ta daɗe tana kallon ƙasan ɗinkin, sannan ta fito da hoton ziyarar baya ta ajiye kusa da shi. Wurin ya yi ja da faɗin da bai wuce kan yatsa ba, kuma akwai ɗan danshi a jikin audugar da ba a gani ba kwana biyu da suka wuce. Ni da kaina na ce mata ai babu zazzaɓi. Amsar da ta ba ni ita ce darasi mafi amfani da na samu a duk makonni shidan: zazzaɓi aikin garkuwar jiki ne, saboda haka tsoho mai ciwon suga wanda garkuwarsa ta raunana zai iya ɗauke da cuta jikinsa bai ko yi ɗumi ba, kuma wanda ya zauna jiran ma'aunin zafi ya kai 38 kafin ya motsa zai iya makara. Nan take ta ɗebi samfurin ruwan, ta aika wa likitan tiyata hotunan biyu, kuma kafin yamma aka kira mu asibiti. Gwaji ya nuna ƙwayar Staphylococcus aureus ce, ta tsaya a fata ba ta kai ƙashi ba. Aka warware ɗinki biyu don ruwan ya fita, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda gwajin ya nuna yana cin wannan ƙwayar, kuma cikin kwana goma wurin ya bushe.

Na yaba ƙwarai da yadda ba su yi gaggawar watsa masa magani a makance ba. Wani ɗan'uwa ya matsa lamba tun ranar sallama cewa a ci gaba da ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi, tunda an ce garkuwarsa ba ta da ƙarfi. Ma'aikaciyar ta yi masa bayani cikin ladabi cewa maganin rigakafin ana ba da shi ne cikin awa ɗaya kafin a fara yanka, a tsayar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma tsawaita shi ba ya rage ruɓar miki, sai dai ya haifi ƙwayoyin da ba su jin magani, ya kuma buɗe hanya ga wata muguwar gudawa da ke bin bayan kashe ƙwayoyin hanji masu amfani.

Da yake Baba na da ciwon suga, batun suga sun riƙe shi da irin wannan tsanani, har Baba ya riƙa kiran ma'aikaciyar da sunan mai binciken kuɗi, saboda yadda take bin littafin awon layi bayan layi. Dalilinta a fili yake: idan suga ya hau, ƙwayoyin da ke haɗiye ƙwayar cuta sukan yi nauyin jiki, miki kuma ya ƙi haɗewa. Tun cikin shekarun 1990 likitocin tiyatar zuciya a birnin Portland na Amurka suka nuna cewa riƙe suga da insulin ta jijiya bayan aiki yana rage ruɓar ƙashin ƙirji ga masu ciwon suga, kuma iyakar da aka fi ambata ita ce kada ya wuce 180 a ma'aunin miligiram, wato 10 a ma'aunin milimol. Da awon Baba ya haura wannan iyaka kwana uku a jere, ba su jira ranar ganin likita ba, a ranar aka gyara masa yawan insulin ta waya.

Ɓangaren motsa jiki ya yi daidai, ko da yake bai kai na jinya armashi ba. Ciwon huhu yana cikin cututtukan da suka fi kama mutane bayan tiyatar zuciya, domin mai ciwon ƙirji yana gudun tari da dogon numfashi, sai majina ta kwanta a ƙasan huhu. Mai koyarwar ya nuna wa Baba yadda zai rungume matashin kai a ƙirji kafin ya yi tari, ya tsara masa tafiyar ƙafa da ake ƙara wa minti kaɗan kowace rana, ya kuma hana shi ɗaga abin da ya wuce kilo biyar. Na'urar jan numfashin nan mai ƙwallaye uku kuwa, da na tambaye shi gaskiyar amfaninta, bai ɓoye ba cewa binciken da aka tattara bai tabbatar tana hana ciwon huhu ita kaɗai ba, kuma idan za a zaɓa tsakaninta da tafiya, tafiya ce gaba. Na ji daɗin wannan gaskiya, amma na rasa dalilin da ya sa littafin nasu ya ba na'urar shafi biyu ya ba tafiya rabin shafi.

Wani abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne abin da suka ƙi sayar mana. Duk wanda ya taɓa jinyar wani ya san yadda shawarwari ke kwararowa, kowa da ƙwayar ko garin da zai ce yana ƙarfafa garkuwar jiki. Ma'aikaciyar ta nemi a tara mata duk abin da aka kawo a kan tebur, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada a ba shi ko ɗaya sai likita ya gani, domin wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe suna ƙara ƙarfin magungunan tsinka jini ko su rage shi, kuma mai sabuwar jijiya a zuciya ba ya iya ɗaukar ko wanne. Ta ce ita ba ta san wata ƙwaya da ke mayar da garkuwa daidai ba, abin da ta sani shi ne isasshen abinci mai gina jiki da barci da tafiya da tsaftar hannu da nisantar mai mura. Daga baya na gane cewa ko manyan likitoci ba su samu wannan ƙwaya ba. An gwada danne kumburin tun daga tushe da magungunan sitiroyid a manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Holan da aka wallafa a 2012 a kan mutane fiye da 4,000, ɗaya kuma na ƙasashe da dama a 2015 a kan fiye da 7,000, kuma babu wanda ya nuna raguwar mace-mace a fili. Idan haka ne, mai sayar da kwalba bai fi su sani ba.

Yanzu sai gazawar. Mafi muni ita ce layin wayar dare. A mako na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, Baba ya farka da zazzaɓi mai digiri 38.3 da suka a ƙirji wadda ke ƙaruwa idan ya kwanta ko ya ja numfashi. Na kira lambar sau uku kafin a ɗauka, kuma wanda ya ɗauka bai da fayil ɗin Baba a gabansa, bai san an yi jinyar ruɓar miki mako biyu da suka wuce ba, yana ta karanto mini tambayoyi daga takarda. A ƙarshe ya ce a ba shi farasitamol a jira safiya. Ban yarda ba, domin ma'aikaciyarsu ce da bakinta ta koya mini cewa zazzaɓi da ciwon ƙirji a wannan lokaci ba abin jira ba ne, sai muka wuce sashen gaggawa. Hoton zuciya ya nuna ɗan ruwa a cikin jakar da ke lulluɓe da ita, gwaje-gwaje kuma suka kore ƙwayar cuta. Kumburin jakar zuciya ne da kan biyo bayan buɗe ta, wanda ke bayyana cikin makonnin farko, kuma ana danganta shi da garkuwar jiki da ta juyo kan naman jikinta. Aka ba shi maganin kolcisin ya samu sauƙi. Abin ya zo da sauƙi, amma wanda ke kan waya bai da hanyar sanin haka, kuma da ruɓa ce ta kai ƙashi, da awanni bakwai ɗin da ya ce mu jira sun yi tsada. Shirin da aka gina a kan gano matsala da wuri bai kamata ya bar darensa a hannun wanda ba ya ganin fayil ba. Na rubuta musu koke, sun amsa da ban haƙuri, sun ce suna duba tsarin, kuma iyakar abin da na ji ke nan.

Wannan dare ya kuma tona wani giɓi a koyarwar tasu, domin duk bayanin da aka yi mana a kan raunin garkuwa ne, babu wanda ya ambata cewa garkuwar da aka girgiza tana iya yin kuskure ta ɗaya ɓangaren ma.

Gazawa ta biyu ita ce lokacin da shirin ke farawa. Rabin abin da aka koya mana a zaman farko abu ne da amfaninsa ya wuce, domin kafin aiki ya kamata a yi shi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da Staphylococcus aureus a hancinsa ba tare da wata alama ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2016 kan hana ruɓar mikin tiyata, ta ba da shawarar a shafa wa masu ɗauke da ita man mufirosin a hanci kafin tiyatar ƙirji. Haka batun daina shan taba makonni kafin aiki, da daidaita suga, da gyaran haƙori, da guje wa aske gashin ƙirji da reza saboda ƙananan yankan da take bari. Aikin Baba ba na gaggawa ba ne, mun yi mako uku muna jiran rana, kuma da shirin ya aiko da ma'aikaciya sau ɗaya tak a cikin waɗannan makonni, da ta fi wasu ziyarori biyu na ƙarshe amfani.

Littafin bayanin ma yana bukatar a sake shi. An rubuta shi ne don kowa da kowa, mai hanyar ratse da mai sabon murfin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya) da mai dashen zuciya, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Raunin garkuwar Baba na wucin gadi ne. Mai murfin ƙarfe ko na nama yana da wurin da ƙwayar cuta za ta iya maƙalewa har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa ake ba shi magani kafin wasu ayyukan haƙori. Mai dashe kuwa da gangan ake danne garkuwarsa kullum don kada ta ƙi sabuwar zuciyar, kuma haɗarin hakan ya bayyana tun daga mutum na farko: Louis Washkansky, wanda Christiaan Barnard ya yi wa dashe a birnin Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, ya rasu bayan kwana 18 da ciwon huhu, zuciyar kuwa tana aiki. Haɗa waɗannan mutane uku a shafi ɗaya ya sa Baba ya kwana biyu yana zaton shi ma ba zai ƙara shiga cikin jama'a ba, sai da ma'aikaciyar ta ɗauki biro ta soke sakin layin da bai shafe shi ba.

Sai batun ƙarewar shirin a mako na shida. Na fahimci cewa an ɗaura shi ne a kan lokacin haɗewar ƙashi, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙirga ruɓa mai zurfi bayan tiyatar zuciya har zuwa kwana 90, wato shirin yana janyewa ne saura fiye da wata guda wannan wa'adi ya cika. Ba na cewa a ci gaba da zuwa gida har wata uku, amma kiran waya sau ɗaya a mako tare da aika hoton tabo ba zai ɗora musu wani nauyi ba. A ziyarar ƙarshe ma'aikaciyar ta duba ƙirji da ƙafa, ta rubuta mana a bayan littafin alamomin da za su sa mu koma asibiti ko da babu zazzaɓi, wato ja ko danshi ko wari a tabo, motsin ƙashi, kasala ta farat ɗaya, ruɗewa, ko hauhawar suga ba dalili. Na tambaye ta yaushe za a yi masa allurar rigakafin mura da ta ciwon huhu, tunda littafin ya ce masu ciwon zuciya su yi, sai ta ce wannan ba ya cikin aikin shirin, mu tambayi likitan zuciya a ganawar da aka sa mana bayan mako biyar.